Sabunta Windows ko yi wa kwamfuta fomat: kurakuran da aka fi yi

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Makka, Jidda da Madina, musamman ɗalibai da masu ƙananan ofisoshin hidimar alhazai, da zarar kwamfuta ta fara nauyi sai su ɗauke ta zuwa shagon gyara su ce a yi mata fomat, wato a goge komai a sake ɗora Windows. Shi kuwa mai gyara ba ya musu, domin aikin awa ɗaya ne kuma kuɗinsa a hannu. Sai dai sau da yawa ciwon bai kai a yi masa wannan magani ba.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar sabuntawa da sake ɗora Windows a matsayin abu ɗaya. Sabuntawa gyara ce da ake yi wa tsarin da ke kan na'ura ba tare da an taɓa fayiloli ko manhajoji ba, kuma Microsoft kan fitar da ta tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Fayil ɗin ISO kuwa, wato fayil ɗin da ake ɗora Windows da shi, wanda aka sauke aka zuba a filashi, yana tsaye ne a kan ranar da aka haɗa shi, saboda haka filashin da ya shekara a aljihun mai gyara zai mayar da kwamfuta baya da shekara guda ta fuskar tsaro. Abin yi bayan kowace ɗorawa shi ne a buɗe Windows Update a bar shi ya gama aikinsa kafin a shiga asusun banki ko Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama dubban kwamfutocin da ba a sabunta ba a duniya, alhali an fitar da maganin kafar da ta bi tun watan Maris.

Wasu kuma suna kashe sabuntawa baki ɗaya don tsoron cinye data, tunda da yawa a wayarsu suke jona kwamfuta. Ya fi dacewa a shiga saitin Wi-Fi a nuna cewa layin na awo ne (metered connection), wato datarsa ƙididdigaggiya ce, ko a dakatar da sabuntawa na ɗan lokaci, wanda Windows 11 ta yarda da shi har mako biyar, sannan a sauke idan an samu intanet mai yalwa.

Babban kuskuren, a ganina, shi ne rashin sanin cewa akwai hanya ta tsakiya. Idan Windows ta lalace amma tana buɗewa, ana iya buɗe fayil ɗin ISO daga cikinta, a danna setup.exe, a zaɓi a bar fayiloli da manhajoji yadda suke. Tsarin zai sabunta kansa gaba ɗaya, ya ajiye tsohon a cikin wata folda mai suna Windows.old, kuma akwai damar komawa baya har kwana 10. Amma a nan ne mazauna Saudiyya suka fi tuntuɓe, domin wannan zaɓi ba ya buɗewa sai harshen ISO ya yi daidai da harshen da aka fara ɗora Windows da shi. Wanda ya sayi kwamfuta mai Larabci ya sauke ISO na Turanci zai tarar an rufe masa zaɓin barin manhajoji, kuma hatta Turancin Amurka da na Ingila ba sa zama madadin juna. Haka nan, mai son sauya harshen kwamfutarsa daga Larabci ba ya bukatar fomat, ƙara harshe kawai zai yi a cikin saiti, sai fa idan nau'in Windows ɗinsa Home Single Language ne, wanda harshe ɗaya kaɗai yake karɓa. A wannan hali sake ɗorawa tana da hujja.

Idan har fomat ta zama dole, kada a fara sai an kwafe fayiloli zuwa wani wuri, an kuma buɗe su a can an tabbatar suna aiki. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan da ke kan faifan ajiya, a kunne ba tare da mai su ya sani ba, kuma idan aka taɓa saitin BIOS, wato saitin tashin kwamfuta kafin Windows ta buɗe, na'urar na iya neman mabuɗin ceto mai lamba 48. Galibi yana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga da shi, don haka wanda mai shago ya buɗe masa asusu ranar saye ya nemi kalmar sirrin tun yau, ya rubuta mabuɗin a takarda. Ɗalibin da kundin digirinsa ke kan wannan faifai ya fi kowa bukatar jin wannan.

Shi ma filashin yana da nasa sharuɗɗa. Kwafa ISO cikinsa kamar hoto ba ya sa kwamfuta ta tashi daga gare shi. Sai an yi amfani da manhajar haɗa filashi irin su Media Creation Tool ko Rufus, da filashi mai aƙalla gigabait 8, kuma duk abin da ke ciki zai goge. A guji kwafin da ake rabawa a Telegram da sunan Windows mara nauyi, domin babu wanda ya san abin da aka cire ko aka cusa a ciki. Shafin Microsoft yana bayar da ISO kyauta tare da lambar SHA-256 ta tantance cewa ba a taɓa fayil ɗin ba. Wajen ɗorawa kuma a zaɓi nau'in da aka sayi na'ura da shi, saboda lasisin Windows Home ba ya kunna Windows Pro.

Akwai kuma abin da fomat ba ta gyarawa. Tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka sake ɗora ta ba zai dawo da tallafin ba, ita kuma Windows 11 tana bukatar TPM 2.0, wani sashen tsaro da ba kowace tsohuwar kwamfuta ke da shi ba. Kwamfutar da faifanta ya gaji ko ƙwaƙwalwarta (RAM) gigabait 4 ce za ta koma jan ƙafa ko bayan fomat, kuma sauya faifan zuwa SSD, wato faifai mai sauri, ya fi yi mata amfani. Kafin a goge komai, a sauke direban Wi-Fi, wato manhajar da ke sa Wi-Fi aiki, daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar a ajiye a filashi, domin Windows 11 tana neman intanet tun kafin ta gama saitin farko.