Karnukan da aka tsinta a Birtaniya: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

Ɗan'uwa da ya sauka Landan ko Manchesta kwanan nan zai lura, tun kafin ya gane hanyar tashar jirgin ƙasa, cewa babu kare mai yawo shi kaɗai a kan titi, kuma duk wanda ya gani yana tare da mai shi, galibi da igiya a wuya. A Kano ko Maraɗi kare na gadi ne ko na farauta, wanda ba shi da mai shi kuwa yana neman abincinsa a bola, yara suna korarsa da dutse. A nan akwai doka a kansa, akwai jami'in ƙaramar hukuma da aka ɗora wa alhakinsa, akwai kuma ƙungiyoyi masu dukiya da suka daɗe suna tsaya masa. Ba dole ba ne ka so kare ko ka ajiye shi, amma rashin sanin wannan tsari yana iya jawo maka tara ko asarar aiki, ko kuma tsamin dangantaka da maƙwabci.

Hannun da ya saba laluben dutse idan kare ya tunkaro shi ne farkon abin da za ka horar. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta haramta cutar da dabba ba tare da dalili ba a Ingila da Wales, kuma daga 2021 hukunci mafi tsanani ya tashi daga wata shida zuwa shekara biyar a gidan yari. Idan kare ya nufo ka a wurin shaƙatawa, ka tsaya cik, ka ce wa mai shi ya kira abinsa, domin doka ta ɗora masa nauyin hana karensa firgita mutane, ko a waje ko a cikin gidansa. Tsoron ciwon haukan kare da muka taso da shi yana da tushe a gida, sai dai an kawar da cutar daga karnukan Birtaniya tun 1922.

Idan ka tsinci kare ya ɓace, doka ta ce ka mayar da shi ga mai shi ko ka sanar da ƙaramar hukumar yankin, kuma tun 2008 'yan sandan Ingila da Wales suka daina karɓar irin waɗannan karnuka. Duba abin wuyansa, domin wajibi ne ya ɗauki suna da adireshin mai shi. Jami'in karnuka zai zo da na'urar da ke karanta wata 'yar ƙwaya mai girman ƙwayar shinkafa da ake sanya wa kare a ƙarƙashin fata, wadda ta zama tilas tun watan Afrilun 2016, kuma wanda ya ƙi sanya wa karensa yana iya fuskantar tarar fam 500. Daga ranar da aka kama kare, hukuma za ta riƙe shi kwana bakwai cur tana ciyar da shi. Mai shi idan ya zo zai biya fam 25 da doka ta yanka, haɗe da kuɗin ajiya. Idan bai zo ba, hukuma tana da ikon miƙa karen ga wani mai riƙo ko gidan ceto, tana kuma da ikon sa a yi masa allurar mutuwa.

Waɗannan kwanaki bakwai su ne dalilin yawancin hidimar da za ka ga Turawa suna yi. 'Yan sa-kai suna bin wuraren ajiya suna ɗaukar hoton karnukan da wa'adinsu ya kusa cika, suna yaɗawa a Facebook, wasu suna tuƙa mota ɗaruruwan mil domin kai kare guda gidan ceton da ya samu gurbi, wasu kuma suna riƙon wucin gadi a gidajensu har a samu mai ɗauka. Aikin ya tsufa. An kafa RSPCA, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, a 1824, Sarauniya Biktoriya ta ba ta lambar sarauta a 1840. Wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓace a unguwar Holloway a 1860, aka mayar da shi Battersea a 1871, inda yake har yau. Ƙungiyar ceton karnuka ta Dogs Trust ta samo asali ne daga 1891, kuma manufarta ita ce ba ta kashe kare mai ƙoshin lafiya.

Inda ake ta kai ruwa rana shi ne batun karnukan da 'yan sanda suka ƙwace a ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991. Dokar ta haramta nau'i huɗu, mafi shahara a cikinsu shi ne pit bull, sannan aka ƙara XL Bully, wanda daga 1 ga Fabrairun 2024 ya zama laifi a mallake shi a Ingila da Wales ba tare da takardar sassauci ba. Ana yanke hukunci ne a kan ƙirar jikin kare, ta hanyar awon kai da ƙirji da ƙafafu, ko da bai taɓa cizon kowa ba, kuma yana iya shafe watanni a keji a wurin da mai shi bai sani ba kafin kotu ta zauna. Gidajen ceto ba su da izinin ba wa kowa irin wannan kare, saboda haka wanda aka tsinta babu mai shi ƙarshensa allura ce. RSPCA da gidan karnukan Battersea da Dogs Trust duk suna adawa da wannan ɓangare na dokar, yayin da iyalan da irin waɗannan karnuka suka kashe musu 'yan'uwa suke ganin an ma makara. A ganina kowane ɓangare yana da hujja, amma jinkirin shari'ar da ke barin dabba a kulle wata da watanni ba shi da mai goyon bayansa. Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne kada ka karɓi ajiyar wani ƙaton kare daga abokin aiki ko maƙwabci ba tare da sanin nau'insa ba, domin wanda aka same shi a hannunsa shi ma yana amsa tambaya.

Aikin ƙungiyoyin ceton nan da gudummawar jama'a ake yin sa, shi ya sa za a ƙwanƙwasa maka ƙofa. Matashi mai rigar ƙungiya da katin shaida zai roƙe ka ka amince a riƙa cire wani abu daga asusunka na banki duk wata, kuma kana da cikakken 'yancin cewa a'a cikin ladabi. Idan ka yi niyyar bayarwa, ka fara duba lambar rajistar ƙungiyar a shafin hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji. Za a tambaye ka batun Gift Aid, tsarin da ke ba ƙungiya damar karɓo ƙarin kashi 25 cikin 100 na kyautarka daga hukumar haraji, kuma kada ka sa hannu sai idan kana biyan harajin da ya kai wannan adadi, in ba haka ba kai za a bi bashin. Shagunan gwanjo na waɗannan ƙungiyoyi kuwa suna da amfani ga sabon zuwa ta wata fuskar, domin a nan ake samun rigar sanyi da kwanuka da araha.

Masu aikin kula da tsofaffi a gidajensu da masu tuƙin tasi su ne suka fi haɗuwa da kare a bakin aiki. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa direban tasi ɗaukar makaho da karen da ke yi masa jagora ba tare da ƙarin kuɗi ba, ƙin yin haka laifi ne mai tarar da ta kai fam 1,000, kuma yana iya cin lasisi. Uzurin rashin lafiya kaɗai ake karɓa, shi ma sai da takarda daga hukumar lasisi. Ga wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar saboda tsarki, mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, shi ne jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, kuma hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne tun daga makarantar Islamiyya. Mai aikin gida-gida yana iya gaya wa shugabansa tun da wuri cewa yana son a kulle kare a wani ɗaki lokacin ziyara, kuma wannan buƙata ce da aka saba ji.

Wataƙila bayan shekara biyu yaranka su fara roƙon a kawo musu ɗan kwikwiyo kamar na abokansu. Idan ka amince, gidan ceto ya fi tallan intanet aminci, musamman da yake tun Afrilun 2020 an hana dillalai a Ingila sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai daga hannun wanda ya kiwata uwarsa ko daga gidan ceto. Za su tambaye ka awa nawa kake barin gida, shekarun yaranka, da ko mai gidan haya ya yarda, wani lokaci su zo su duba shingen bayan gida, kuma kada ka ɗauki wannan a matsayin raini domin kowa ake yi wa. Kuɗin da za ka biya yakan haɗa rigakafi da ƙwayar shaida da fiɗiya. Ka lissafa cewa babu asibitin gwamnati na kyauta ga dabba, kare yakan rayu shekara goma ko fiye, kwashe kashinsa a titi aikinka ne da tara a kan sakaci, sannan duk tafiyar da za ka yi gida ganin iyaye sai ka biya wanda zai riƙe maka shi.