Yadda za ka sa inshora ta biya madarar mai fenilketonuriya

Ɗiyata na da cutar fenilketonuriya, wato jikinta ba ya sarrafa sinadarin fenilalanin da ke cikin nama, ƙwai, wake, har nono. Madara ta musamman take sha, wadda na zagaye Damagaram ban samu ba, sai aiko mana ake yi.

Da farko kamfanin inshora ya maido mini takarduna, wai madara ai abinci ce. To, ka sa likita ya rubuta sunan cutar ƙarara, ya ce madarar magani ce, rashinta na taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Haɗa da sakamakon gwajin jini da adadin gwangwanin madarar da yaro ke sha a wata. Tambayi kamfanin iyakar kuɗin da suke biya da ta shekarun yaro, su ba ka amsa a rubuce. Rasit kuwa, a tsohon gwangwaninta nake tara su.