Ɗaukar darasin jami'a tun yaro yana sakandare a Ohio

Iyayenmu da ke zaune a Ohio, shirin College Credit Plus yana ba ɗalibi daga aji 7 zuwa 12 damar yin darasin jami'a, a lissafa masa makin a sakandare da jami'a gaba ɗaya. Ɗan makarantar gwamnati da ya je jami'ar gwamnati ba ya biyan kuɗin karatu ko na littattafai.

Ku fara da ganin malamin ba da shawara na makarantar tun watan Janairu, domin takardar nuna niyyar shiga shirin ana miƙa ta ne kafin 1 ga Afrilu ya wuce. Ku tafi da yaron, shi ne zai zauna ajin.

Abin da na fi ja wa iyaye kunne a kai shi ne sakamako. Makin da yaro ya ci yana shiga takardarsa ta jami'a, ba ya gogewa. Idan ya faɗi, ko ya janye a makare, makarantarsa ta sakandare na iya neman ku biya kuɗin darasin. Malamin jami'a kuma ba zai kira ku a waya don yaro bai kawo aiki ba. Shi ya sa nake cewa darasi ɗaya ya isa a zangon farko, kamar rubutun Turanci ko lissafi, kada a ɗora masa uku wai don a rage kuɗin jami'a nan gaba.

Sannan ku tambayi jami'ar da yake buri ko za ta karɓi makin. Na gwamnatin Ohio suna karɓar darussan gama-gari, masu zaman kansu da na wasu jihohi kowace da dokarta. Ku nemi amsar a rubuce.