Kurakuran da ke cinye kuɗin sabon ɗan wasan Yu-Gi-Oh! a Yamai

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaituwa a fadarmu. Yaro zai yi wata da watanni yana tara ƴan kuɗinsa, ya ba mai zuwa daga Faransa saƙon kati, kaya su iso, ya zauna wasa, a share masa maki 8000 da kowa ke fara wasa da su kafin shayi na biyu ya nuna. Sai ya ce ai masu kuɗi ne ke ci. A'a ƙanena, tun wurin saye aka kayar da kai.

Babbar ɓarna ita ce sayen ƙananan ledojin nan rufaffu da ake kira busta. Kati 9 ne a yawancinsu, kuma ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Ni ma sun ci kuɗin da na ajiye don gyaran babur, abin da na tsira da shi kwali ne cike da katunan da ba su san juna ba: wannan yana neman dodon ruwa, wancan yana neman inji, babu biyu da ke aiki tare. Har yau abin yana yi mini ciwo. Mai shago da ke buɗe kwali-kwali ya sayar ɗaya-ɗaya yana iya cin riba, kai mai jaka kaɗan a aljihu asara kawai za ka kwasa. Abin da nake yi yanzu, in samo Deck de Structure, wato akwatin dek (tarin katunan da kake wasa da su) da aka riga aka haɗa, iri ɗaya har guda uku. Doka ta yarda a sa kati ɗaya sau 3, akwati ɗaya kuwa galibi ƙwaya ɗaya yake ba ka na muhimman katunan. Ka zube ukun a tabarma, ka tsince masu aiki, ragowar ka yi musaya da abokai. Wasu za su ce a sayi katunan ɗaya-ɗaya ya fi araha. Ga wanda ke Turai, gaskiya ne. Mu nan kuɗin aike kaɗai ya isa ya hana ka.

Na biyu, cika dek har kati 60 don an ce an yarda daga 40 zuwa 60. Haba samari! Ku yi lissafi mana. Kati 5 ake ɗauka a farkon wasa. In kana da ƙwaya 3 na katin da dabararka ta dogara a kai, a cikin 40 damar ya zo hannunka ta kusa kashi 34 cikin 100. A cikin 60 sai ta faɗo zuwa kashi 23. Kowane kati da ka ƙara don kana sonsa, ture wanda kake bukata yake yi. Ni 40 cif nake tsayawa, ko kati ya kai ƙaunata sai na cire shi. Akwai wani ƙanenmu da ya cusa manyan dodanni masu walƙiya har da farin dodon nan mai ƙarfin 3000, ya zauna hannunsa cike, bai iya sauke ko ɗaya ba. Dodo mai tauraro 7 zuwa sama (taurarin da ke jikin kati su ne matakinsa) sai ka sadaukar da dodanni biyu kafin ya sauka ta hanyar da aka saba, kuma sau ɗaya ake irin wannan kira a kowane zagaye. Da me za ka biya?

Katin jabu: duba ɗan tambarin nan mai ƙyalli a kusurwar dama ta ƙasa, ka kwatanta rubutu da launi da katin da ka tabbatar. Arha ta wuce hankali, bar shi.

Kafin ka biya, duba jerin katunan da Konami, kamfanin da ke yin wasan, ta haramta ko ta taƙaita, domin yana canzawa. Kuma jerin Master Duel, wasan waya da ya fito a 2022, daban yake da na katin hannu. Ka gwada dabararka a can kyauta, amma kada ka kwafo dek ɗin ido rufe.

Rigar leda ta kati, ɗauki ƙarama. Ta Pokémon ta yi wa namu faɗi. Kada ka bar dek a akwatin babur cikin zafin Afrilu, lanƙwashewa zai yi, katin da ya lanƙwashe kuwa ana gane shi ta baya.

Sannan don Allah ku karanta katinku har ƙarshe, ko da Faransancin ya yi tsauri. Rabin gardamar da muke yi a fada, amsarta tana layin ƙarshe inda aka ce sau ɗaya a zagaye.