Yadda za ka gano akses poyin ɗinka a cikin rezo

In ka sayo akses poyin (na'urar da ke watsa Wi-Fi) na manyan ma'aikatu irin UniFi don siber ko buro a nan Damagaram, ba ya son caja daban, wuta da intanet duk ta waya ɗaya suke zuwa, wato PoE, amma kar wayar ta wuce mita 100. Jona shi a suwic (akwatin da ke haɗa wayoyin rezo) mai ba da PoE ka jira fitilarsa ta daina ƙiftawa, sannan ka shiga shafin ruta (na'urar da ke raba intanet) ka duba jerin DHCP, wato jerin na'urorin da ruta ya ba adireshi, lambar shaida ta MAC da ke manne a bayan akses poyin ɗin ita za ka nema, nan za ka ga IP ɗinsa, wato adireshinsa a cikin rezo. In bai fito ba gwada 192.168.1.20, UniFi can yake komawa. Bayan ka gano shi, baƙi kam ware musu SSID (sunan Wi-Fi) da VLAN (keɓaɓɓen ɓangaren rezo) nasu. Bangon laka mai kauri na cinye siginar Wi-Fi ta 5GHz sosai, to ka bar ta 2.4GHz a kunne.