Darasi na 9: Tsohon Gicciyen Wuya Mai Daimon da Lu'ulu'u

Kalmar lu'ulu'u takan rikita mai karatu, domin abu biyu muke kira da ita. A wannan darasi, daimon shi ne dutsen da ake haƙowa a ƙasa. Lu'ulu'u kuwa farar ƙwaya ce da ke girma cikin ɓawon wata halittar teku.

A Ingila, zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, matan Kirista sukan rataya ƙaramin gicciye a wuya, an jera masa waɗannan biyun. A wurinsu gicciye tuni ne da mutuwar Yesu da tashinsa. Daimon ya fi kowane dutse tauri, shi ya sa aka ɗauke shi alamar abin da ba ya gushewa. Lu'ulu'u alamar tsarki ne, kuma alamar hawaye. Bayan rasuwar mijin Sarauniya a 1861, kayan adon makoki sun yawaita, lu'ulu'u na cikinsu. Kafin Japan ta fara kiwon wannan halittar teku don samar da lu'ulu'u a ƙarshen ƙarni na 19, galibi sai masu nutso sun shiga ƙasan teku, kamar na Baharain, su riƙe numfashi su tsinto shi.

Idan irin wannan gicciye ya zo hannunka, juya bayansa ka karanta lambar da aka buga. In ka ga 15, wato karat 15, alama ce mai kyau cewa tsoho ne: Ingila ta fara wannan ma'aunin zinariya a 1854, ta daina a 1932. Sau da yawa gaban gicciyen azurfa ne, bayansa zinariya, don farin ƙarfe ya fi fito da hasken daimon.

Sai ka goga ƙwayar lu'ulu'un a hankali a gefen haƙorinka. Na gaske zai yi ɗan kaushi kamar rairayi mai laushi. Na roba ko gilashi santsi ne sumul.

Ina roƙonka, kada ka fesa masa turare, kada ka wanke shi da ruwan tsami. Lu'ulu'u ba ya jure su, kuma in ƙyallinsa ya dushe ba ya dawowa. Shafe shi da tattausan ƙyalle, ka ajiye shi shi kaɗai, domin daimon na karce duk abin da ya gogu da shi.

Aiki: Gicciye mai lamba 15 da aka ƙera a 1890, shekarunsa nawa bana? Rubuta amsar da lamba, sannan da kalmomi.