Yadda ake harhaɗa saƙonnin kuskure da na sanarwa da mc.exe

Idan ka taɓa buɗe Event Viewer, wato tagar da ke nuna rahotannin da manhajoji ke aikawa a Windows, ka tarar yana cewa bai sami bayanin lambar wani aukuwa ba, to mai manhajar ya aika lamba ne ba tare da teburin da zai fassara ta ba. Wannan teburin shi ake ginawa da mc.exe (Message Compiler, wato mai harhaɗa saƙonni), ƙaramin kayan aikin da ke cikin Windows SDK. Amfaninsa shi ne a raba rubutun saƙo da lambar manhaja: manhaja ta riƙe lamba kawai, rubutun kuma ya zauna a wuri guda, a harsuna nawa kake so.

Fara da buɗe tagar umarni ta Visual Studio, wadda ake kira x64 Native Tools Command Prompt. A nan ne mc, rc da link, kayan aiki ukun da za mu yi amfani da su, suke amsawa ba tare da ka nuna musu hanya ba. A tagar umarni ta yau da kullum za a ce maka ba a san mc ba.

Sai ka rubuta fayil mai suna sakonni.mc kamar haka:

```
MessageIdTypedef=DWORD
SeverityNames=(Success=0x0 Informational=0x1 Warning=0x2 Error=0x3)
FacilityNames=(Ajiya=0x101)
LanguageNames=(English=0x409:MSG00409)
LanguageNames=(Hausa=0x468:MSG00468)

MessageId=0x1
Severity=Error
Facility=Ajiya
SymbolicName=MSG_FAYIL_BAI_BUDE_BA
Language=English
Cannot open file %1.
.
Language=Hausa
An kasa buɗe fayil %1.
.
```

Ɗigon da ke tsaye shi kaɗai a layi shi ne ke rufe saƙo. Ka manta da shi, mc zai haɗiye layukan da ke biye a matsayin rubutun saƙon. Kada ka bar sarari kusa da shi, kuma ka danna Enter bayan na ƙarshe. Layin da ya fara da alamar `;` ana kwafe shi ne kai tsaye zuwa fayil ɗin .h, don haka rubuta sharhinka da `;//` domin kada mai harhaɗa C ya yi tuntuɓe da shi.

Yanzu umarni uku:

```
mc -u -U sakonni.mc
rc sakonni.rc
link /DLL /NOENTRY /MACHINE:X64 /OUT:sakonni.dll sakonni.res
```

Na farko zai fitar da sakonni.h, sakonni.rc, da fayil ɗin .bin guda ga kowane harshe. Na biyu ya mayar da su sakonni.res. Na uku ya dunƙule su cikin DLL, wato fayil ɗin da manhajoji ke lodawa, da babu komai a ciki sai saƙonni, shi ya sa ake sa /NOENTRY. In ba ka son DLL daban, haɗa sakonni.res ɗin cikin manhajar kanta.

Harafin -u ƙarami yana nufin fayil ɗin da ka rubuta UTF-16 ne, -U babba kuma yana nufin a adana saƙonnin da Unicode. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai rubuta ƙ, ɗ da ɓ, domin idan mc ya karanta fayil ɗin da tsohon tsarin ANSI, haruffan za su fito a dagule. Adana shi a UTF-16 LE kafin ka sa -u. In ka sa -u alhali fayil ɗin ba UTF-16 ba ne, mc na iya kasa karanta shi.

Inda aka fi shan wahala shi ne lambar saƙon kanta. Ka rubuta MessageId=0x1, amma ba 1 ce lambar ba. Lambar tana da gurbi (bit) 32: biyu na sama na tsananin saƙo, ɗaya na nuna cewa saƙon na mai manhaja ne ba na Microsoft ba, ɗaya an keɓe shi, 12 na sashen da saƙon ya fito, 16 na ƙasa kuma su ne MessageId. Buɗe sakonni.h za ka ga saƙonmu ya zama 0xC1010001. In ka ƙara -c a umarnin mc, gurbin mai manhaja zai kunnu, lambar ta koma 0xE1010001. Yana da kyau ka sa -c idan lambobinka za su yi yawo tare da na Windows, don kada su ci karo.

Event Viewer kuwa gurbi 16 na ƙasa kaɗai yake nunawa, wato 1. Mutum ya ga 1, ya koma manhajarsa ya aika 1, sai neman ya faɗi, domin a teburin babu saƙo mai wannan lamba. Kada ka taɓa rubuta lambar da hannu. Saka sakonni.h cikin manhajar, ka riƙa kiran saƙo da sunansa. Haka kuma in ka sauya Severity na wani saƙo, lambarsa ta sauya ke nan, dole ka sake harhaɗa manhajar da DLL ɗin tare. Ka lura ma cewa saƙon da ba ka rubuta masa Severity ko Facility ba yana gadon na wanda ya gabace shi. Sanarwa ta alheri kan iya fitowa da lambar kuskure ta wannan hanya, saboda haka rubuta su a kowane saƙo ko da ya zama maimaici.

Don karanta saƙo daga cikin manhaja, loda DLL ɗin da LoadLibraryEx tare da LOAD_LIBRARY_AS_DATAFILE, sannan ka kira FormatMessage da FORMAT_MESSAGE_FROM_HMODULE. Idan ya gaza, tambayi GetLastError. Amsa 317 tana nufin babu wannan lamba a teburin. Amsa 1815 tana nufin ka nemi harshen da babu shi. In ka ba da sifili a gurbin harshe, Windows zai bi jerinsa da kansa, daga harshen mai amfani da kwamfutar har ya dire kan Turancin Amurka, dalilin da ya sa bai kamata kowane saƙo ya rasa na 0x409 ba. In kuma ka bar FormatMessage ya ware wa kansa wurin ajiye rubutun, ka sake shi da LocalFree.

Guraben cikewa suna tafiya daga %1 zuwa %99, kuma mai fassara na da damar sauya jerinsu yadda jimlar harshensa ta buƙata. %n yana karya layi, %0 yana hana ƙarin sabon layi a ƙarshen saƙo. Ana iya rubuta %1!d! don adadi, amma wannan na FormatMessage ne. ReportEvent, wanda manhaja ke kira don aika aukuwa zuwa Event Viewer, rubutu kawai yake miƙawa, don haka mayar da adadin rubutu kafin ka aika.

Saura sanar da Windows inda DLL ɗin yake a rajistarsa (Registry), in saƙonnin na Event Viewer ne. Buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa:

```
reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\EventLog\Application\Ajiyata" /v EventMessageFile /t REG_EXPAND_SZ /d "C:\Program Files\Ajiyata\sakonni.dll"
```

Sunan Ajiyata dole ya yi daidai da wanda ka bai wa RegisterEventSource, inda manhaja ke bayyana sunanta kafin ta aika aukuwa, kuma hanyar DLL ɗin ta zama cikakkiya. Ƙara TypesSupported mai nau'in REG_DWORD da ƙimar 7, wadda ta ƙunshi kuskure, gargaɗi da sanarwa. Daga nan rufe Event Viewer ka sake buɗe shi kafin ka duba, domin yakan riƙe tsohon DLL, har ma ya hana link rubuta sabo a kansa.